Gishiri Mai Gudana Da Tantanin Tace Ruwa

Duk wanda ya baro gida ya zo neman abinci Ikko, ko Fatakwal, ko Warri, ba zai yi kwana bakwai ba sai ya gane cewa yawan ruwa daban, ruwan sha kuma daban. Ga teku, ga fadamu, ga damina mai tsawo, amma a unguwannin bakin teku irin su Lekki da Ajah sau da yawa in an haƙa rijiyar burtsatse sai ruwan ya fito da zartsi, ko kuwa ya kwana a bokiti ya wayi gari ja-ja saboda ƙarfen da ke cikinsa. 'Yan garuwa, waɗanda galibinsu 'yan Arewa ne da mutanen Nijar, sun fi kowa sanin haka, domin su ne matan gida ke tarewa a ƙofa da ƙorafi. Ruwan da suke turawa a kura yawanci na wanka ne da wanki da girki. In an zo ga na sha, sai akasarin jama'a su koma ga ruwan leda, watau fiya-wata.

To, wanda ya taɓa leƙa ɗaya daga cikin manyan masana'antun ruwan ledan nan, ko ya taɓa aikin lodi a can, zai tuna da waɗansu dogayen bututai da aka jera a jikin injin. A cikin kowane bututu akwai wani abu mai kama da takarda, an naɗe shi kamar yadda ake naɗe tabarma. Wannan shi ne tantanin roba, kuma shi ne ke raba ruwa da gishiri. Famfo yana tura ruwa a kansa da ƙarfi, ruwan ya ratsa ya wuce, gishiri da ƙwayoyin cuta su tsaya. Irinsa ne ke aiki a da yawa daga cikin matatun ruwan teku na ƙasar Saudiyya, waɗanda ke shayar da Jidda da Makka. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, kuma kafin a raba su sai an matsa ruwan da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota sau 25 ko fiye.

Shekaru fiye da 20 ke nan masana kimiyya a Amurka da Turai da ƙasar Sin suna ƙoƙarin gyara tantanin nan da wani irin gishiri mai ban mamaki, wanda ke zaune ruwa-ruwa kamar man gyaɗa ba tare da an narka shi cikin ruwa ba. Shafa gishirin a jikin roba abu ne mai sauƙi. Wuyar aikin ita ce a tabbatar ya kama, kuma zai zauna, domin wurin da ake neman amsar ya yi ƙanƙantar da ido ba ya ganinsa, madubin likita ma ba ya ganinsa.

Fata Ce Ke Yin Aikin

Labarin ya faro ne a Jami'ar Kalifoniya da ke birnin Los Anjalis, wajen shekarar 1960. Mutum biyu, Sidney Loeb da wani ɗan ƙasar Indiya mai suna Srinivasa Sourirajan, suka haɗa wani tantani da sinadarin da ake samu daga auduga da itace. Da suka gwada sai suka ga ruwa na ratsa shi da saurin da ba a taɓa gani ba, alhali kuwa yana tare gishiri. Abin da ya ɗaure masu kai shi ne, yau gwaji ya yi kyau, gobe ya ɓaci, har suka gane cewa tantanin yana da gaba da baya, kuma in aka juya wa ruwan gishiri bayansa ba ya aiki. Daga baya aka gano dalili. Gefe ɗaya yana da wata 'yar siririyar fata mai tauri, ita ce ke tare gishiri. Sauran jikinsa kuwa soso ne kawai mai tallafe fatar. A 1965 aka kafa matata da irin wannan tantani a garin Coalinga na Kalifoniya, garin da a da jirgin ƙasa ne ke kawo masa ruwan sha cikin tankuna.

Wanda ake amfani da shi yanzu kusan ko'ina a duniya wani Ba'amurke ne, John Cadotte, ya ƙago shi a Jihar Minnesota, aka ba shi takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1981. Hawa uku ne. A ƙasa akwai ƙyalle mai ƙarfi, a tsakiya akwai soson roba, a sama kuma fatar. Yadda ake yin fatar abin sha'awa ne: a jiƙa soson da wani sinadari da aka narka cikin ruwa, sa'an nan a zuba masa wani sinadarin da aka narka cikin wani abu mai kama da kananzir. Da yake ruwa da mai ba su gaurayuwa, sinadaran biyu ba su haɗuwa sai a kan iyaka, nan take kuwa sai wata yana ta kwanta a wurin, kamar yanar da ke kwanciya a kan kunu in ya huce. Yanar nan 'yar uwar nailan ce.

Domin mai karatu ya gane sirantarta, sai ya dubi rular 'yan makaranta. Tazarar da ke tsakanin ƙananan zane biyu ita ce milimita ɗaya. In aka raba wannan tazara gida miliyan ɗaya, kowane kashi shi ake kira nanomita. Kaurin gashin kan mutum kimanin nanomita 70,000 ne. Fatar tantanin kuwa tsakanin nanomita 100 ne zuwa 200, watau sai an tsaga gashi ɗaya wajen gida 500 kafin a sami irinta. Duk kuɗin da mai masana'anta ya kashe wajen sayen injin, da famfo, da janareta, a kan wannan 'yar yana suke rataye.

Ita kuwa fatar tana da abokan gaba. Akwai ɓawon farar ƙasa irin wanda ke taruwa a gindin butar shayi. Akwai dattin ruɓaɓɓen ganye da maiƙo. Mafi muni su ne ƙwayoyin bakteriya, waɗanda ke manne wa fatar su hayayyafa, su lulluɓe ta da yauƙi irin na gindin randar da ba a wankewa. In haka ta faru sai ruwan da ke fita ya ragu, a ƙara ƙarfin famfo, kuɗin wuta da na gas ya hau. Wani zai ce, ai sai a zuba kulorin, sinadarin nan da ke cikin ruwan bilic, ya kashe su. To, nan ne gizo ke saƙar, domin kulorin yana cinye fatar Cadotte, tilas ma a cire shi daga ruwa kafin ruwan ya iso gare ta. Saboda haka masana suka ga hanyar da ta rage ita ce a sake wa fatar hali, ta zama wadda datti ba ya son zama a kanta.

Gishirin Walden

Gishirin miya ba ya narkewa da kansa sai zafi ya kai digiri 801 na ma'aunin santigireti, abin da ya ninka zafin tafasasshen ruwa sau 8. Dalili shi ne ƙwayoyinsa iri biyu ne, ɗaya mai cajin lantarki na "ƙari", ɗaya mai na "ragi", kuma dukansu ƙanana ne, kewayayyu, suna jeruwa daram kamar bulo a jikin katanga, kowace ta riƙe maƙwabciyarta gam. Amma in aka sami gishirin da ƙwayoyinsa manya ne, karkatattu, wata da jela wata da ƙusumbi, to, ba za su jeru ba. Mai lodin mota ya san bambancin lodin bulo da lodin kujeru da kekuna. Irin wannan gishiri sai ya zauna yana gudana ko a cikin sanyin ɗaki. Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa duk gishirin da ke narkewa ƙasa da digiri 100 ya shiga wannan dangi.

Wani masani ɗan ƙasar Latbiya, Paul Walden, shi ne ya ba da labarin irinsa a 1914, wanda ke narkewa a digiri 12 kacal. Ba wanda ya kula da shi sosai har shekaru masu yawa suka shuɗe. Waɗanda aka yi ta haɗawa daga baya kuma ba su jure wa laima, da sun shaƙi danshin iska sai su lalace. Sai a 1992 John Wilkes da Michael Zaworotko, a makarantar horar da hafsoshin mayaƙan sama ta Amurka da ke Kolorado, suka fito da waɗanda ba su tsoron iska ko ruwa. Daga nan kasuwa ta buɗe. Yawancin waɗanda ake aiki da su an gina su ne a kan wani zobe mai ƙwayoyin zarra 5, uku na kabon biyu na naitirojin, da jela ta kabon a maƙale. Ana iya tsawaita jelar ko a gajarta ta, ana kuma iya sake abokiyar zamanta mai cajin ragi, kowane canji kuwa sabon gishiri ne mai sabon hali. Marigayi Kenneth Seddon na Jami'ar Queen's da ke Belfast ya ƙiyasta cewa za a iya haɗa aƙalla iri miliyan ɗaya.

Halaye biyu ne suka ja hankalin masu tantani. Na farko, gishirin nan ba ya tashi ya bi iska kamar fetur ko ruwa. A bar shi a buɗe shekara guda, za a tarar da shi yadda aka bar shi. Na biyu, yana da zaɓe. A 1999 Joan Brennecke ta Jami'ar Notre Dame da abokan aikinta suka nuna cewa iskar kabondayokzaid, wadda ke fita daga hayaƙin injuna kuma take ɗumama duniya, tana narkewa cikinsa da yawan gaske. Bayan 'yan shekaru Richard Noble da jama'arsa a Jami'ar Kolorado suka riƙa cika ramukan soson roba da shi, suna tace wannan iska daga sauran iskoki. Masu tace ruwa su ma suka ce ba za a bar su a baya ba, tun da akwai nau'in da ke son ruwa ƙwarai, akwai kuma wanda ke kashe bakteriya.

Hanyoyin sa shi a jikin tantani uku ne. Ko a jiƙa soson da shi ya zauna cikin ramuka, ko a dama shi cikin robar tun tana ruwa kafin a shimfiɗa ta, ko kuwa a ɗaure shi da fatar ɗaurin sinadari. Ta ukun ita ce mai wuya, ita ce kuma mai ƙarko. Fatar Cadotte in an gama yin ta sabuwa tana da waɗansu hannaye da suka rage ba su kama kome ba, sai a kawo gishirin da aka yi wa maɗauri, hannayen su cafke shi. Mai sayar da atamfa zai fahimci zancen da sauri: akwai rinin da ya shiga zare, akwai wanda ya hau kai kawai, kuma a kan teburin kasuwa duk biyun kyau gare su.

Ɗigon Ruwa Da Sandar Makaho

Gwajin da ya fi araha shi ne na ɗigon ruwa. A ɗiga ruwa ɗan kaɗan a kan tantanin, a ɗauki hotonsa ta gefe, a auna kusurwar da gefen ɗigon ya yi da fuskar robar. Wanda ya taɓa ganin raɓa a kan ganyen gwaza ya ga yadda ruwa ke dunƙulewa ya gangara in fuska ba ta son sa. A kan gilashi mai tsabta kuwa bajewa yake yi. Wani Baturen Ingila, Thomas Young, shi ya bayyana ƙa'idar tun 1805. In kusurwar ta gaza digiri 90, fuskar mai son ruwa ce. In ta zarce, mai ƙin ruwa ce. Abin da ake so ga tantanin tace ruwa shi ne kusurwar ta ragu bayan gyara, domin fuskar da ta rungumi ruwa ba ta barin maiƙo da bakteriya su sami wurin zama da sauƙi.

Kusan kowane rahoto a kan wannan aiki yana ɗauke da hoton ɗigon nan, kafin gyara da bayan gyara. Amma fa shaida ce mai rauni in ita kaɗai ce. Kaushin fuska yana canza kusurwar ko da sinadarin bai canza ba. Ramukan soso suna iya tsotse ɗigon kafin a gama awo. Daɗin daɗawa, in gishirin bai ɗauru ba, yana iya narkewa ya shiga cikin ɗigon ya sa shi ya baje, sai mai gwaji ya yi murna cewa gyara ya kama, alhali abin da ya gani alama ce ta cewa gishirin yana barin tantanin.

Don ganin siffar fuskar kuwa, ana amfani da madubin ilektiron, wanda wani kamfani a Kambirij ta Ingila ya fara sayarwa a 1965. Maimakon haske, siririn zaren ilektiron, watau ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki, shi ke bin fuskar layi-layi yana zana hotonta. Da shi ake ganin ko gishirin ya cika ramuka, ko ya toshe su, ko ya taru wuri ɗaya kamar tabo. Da yake roba ba ta wuce da lantarki, sai an fesa mata ɗan zinariya kafin a duba. Wani abin dariya shi ne, a 2006 Susumu Kuwabata na Jami'ar Osaka a Japan ya nuna cewa shi gishiri mai gudana ana iya kallonsa kai tsaye cikin madubin, har daga baya aka riƙa shafa shi a kan waɗansu abubuwa a madadin zinariyar.

Akwai kuma madubin allura, wanda Gerd Binnig da Calvin Quate da Christoph Gerber suka ƙago a 1986. Shi wannan ba gani yake yi ba, lalube yake yi kamar makaho da sandarsa. Wata allura mai tsinin da bai wuce 'yan nanomitoci ba ita ke tafiya a kan fuskar, tana hawa tana gangara, na'ura na rubuta kowane tudu da kwari. Da shi aka auna cewa fatar Cadotte ba sumul take ba, cike take da tuddai da kwaruruka. A 2001 Menachem Elimelech na Jami'ar Yale da ɗalibansa suka nuna cewa ƙurar da ke cikin ruwa tana taruwa ne a kwarurukan nan, don haka tantani mai kaushi ya fi saurin toshewa. Tun daga lokacin duk mai gyaran fuska sai ya faɗi ko gyaransa ya rage kaushi ko ya ƙara. Wani amfanin allurar shi ne tana aiki ko a cikin ruwa, watau tana taɓa tantanin a halin da yake aiki.

Na'urar Siegbahn

Duk waɗannan siffa suke nunawa, ba su faɗin ko mene ne a wurin. Mai faɗin wannan ita ce na'urar da Kai Siegbahn na Jami'ar Uppsala a ƙasar Suwidin ya raya, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1981. Ana haska wa fuskar hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti amma mai rauni, hasken ya fizgo ilektiron daga cikin ƙwayoyin zarra. Kowane sinadari yana riƙe da nasa ilektiron da ƙarfi na musamman, saboda haka in an auna ƙarfin da suka fito da shi sai a san daga gidan wa suka fito, kamar yadda ake gane Basakkwace da Bakano daga jin magana. Na'urar tana gane kowane sinadari ban da haidirojin da hiliyam.

Hasken yana shiga da zurfi, amma ilektiron ɗin da ke can ƙasa ba su iya fitowa lafiya, sai waɗanda ke cikin nanomita 10 na sama. Wannan iyaka ita ce darajar na'urar, domin daidai wurin da ruwa da datti ke taɓawa take karantawa. In kuma aka karkata tantanin sosai, sai karatun ya koma na nanomita ɗaya ko biyu.

Ana yin aikin ne cikin wani akwatin ƙarfe da aka zuƙe wa iska, har abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na iskar da mutum ke shaƙa ba. Ruwa ko mai in an sa shi a ciki nan take zai tafasa ya watse ya ɓata na'urar, shi ya sa a da ba a cika sa abu mai ruwa-ruwa ba. Gishiri mai gudana, da yake ba ya tashi, sai ya zauna lafiya lau. Peter Licence da abokansa a Jami'ar Nottingham sun nuna haka a 2005.

Ga yadda ake kama shi a jikin tantani. Fatar Cadotte tana da nata naitirojin, wanda ke fitowa a wajen lamba 400 a ma'aunin na'urar. Naitirojin na zoben gishirin kuwa, saboda cajin da yake ɗauke da shi, yana fitowa a wajen 402. In bayan gyara aka ga sabon tudu ya taso a 402, to, akwai alamar gishirin ya hau. Sai dai ita ma fatar wani lokaci tana da ɗan naitirojin mai caji da ke faɗowa kusa da wurin, don haka mai hankali yakan nemi shaida ta biyu daga abokiyar zaman zoben. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da fulorin ko buromin, waɗanda babu su a fatar ko kaɗan. In kuwa tantanin na wata roba ce mai fulorin a jikinta, 'yar uwar Teflon, sai a juya lissafin: fulorin ba ya zama shaida, naitirojin ne shaida, domin ita wannan robar ba ta da shi.

Na'urar ta tona abubuwan da ba a zata ba. A Jami'ar Erlangen ta Jamus, Hans-Peter Steinrück da jama'arsa sun nuna cewa a fuskar gishirin ƙwayoyin ba a hargitse suke ba, dogayen jelolin kabon suna juyowa waje, zoben mai caji yana nutsewa ƙasa. An kuma sha tarar da silikon a fuskar gishirin da aka ɗauka mai tsabta ne, aka bi sawu aka ga daga man girishin da ake shafa wa bakin kwalaben ɗakin gwaji ya fito. Ɗan kaɗan ne cikin kwalba, amma duk ya taso ya mamaye sama. Darasin da masu tantani suka ɗauka shi ne fuska na juyawa gwargwadon abin da ke gabanta. A cikin akwatin da ba iska, ɓangaren da ke ƙin ruwa ne ke leƙowa. A cikin ruwa kuwa mai son ruwa ne. Watau fuskar da na'urar Siegbahn ta gani tana iya bambanta da wadda ruwan burtsatse zai tarar.

Akan haɗa da gwajin hasken infirared, wanda ke gane yadda ƙwayoyi suka ɗauru da juna. Shi kuma matsalarsa zurfi ne: yana shiga wajen nanomita 1,000, ya ratsa fatar ɗungum ya karanto soson da ke ƙasa, har muryar ɗan siririn gyaran da ke sama ta ɓace cikin hayaniya. Kowace na'ura da zurfin da take gani, kuma rahoton da ya dogara ga guda ɗaya bai cika abin amincewa ba.

Saura awon caji. Fatar Cadotte a cikin ruwan sha cajin ragi gare ta. In aka ɗaura mata zoben gishirin sai ta karkata zuwa ƙari, ana kuma auna wannan ta hanyar gudanar da ruwa a kanta a ga wutar da ta taso. Masana a ƙasar Sin sun mai da hankali a nan saboda tafkunan gishiri na lardin Qinghai, inda ake haƙo litiyam na batirin waya da na mota, amma yana cakuɗe da maganiziyam mai yawa. Maganiziyam caji biyu gare shi, litiyam ɗaya, don haka fuska mai cajin ƙari ta fi korar maganiziyam, litiyam ya wuce. Ga ruwan sha kuwa abin yana da baki biyu. Bakteriya da dattin ruɓaɓɓen ganye cajin ragi gare su, fuska mai ƙari janyo su take yi. Doguwar jelar gishirin tana huda bakteriyar ta kashe ta, amma gawarwakin suna nan kwance a kan fatar, waɗanda suka zo daga baya su hau kansu su zauna.

Bayan An Wanke

Tambayar da ta shafi mai shan ruwa ita ce, ina gishirin yake tafiya in ya bar tantanin? Wanda aka jiƙa cikin ramuka kawai, matsin famfo yana iya ture shi waje, ruwa kuma yana wanke shi sannu a hankali. Wanda aka dama cikin roba, in mai son ruwa ne, kaso mai yawa yana fita tun a bahon da ake daskarar da tantanin. A farkon shekarun 2000 an yi ta yi wa gishirin nan kirarin cewa ba ya cutar da muhalli, don kawai ba ya gurɓata iska. A 2003 Robin Rogers da abokan aikinsa a Jami'ar Alabama suka ja kunnen jama'a, suka nuna cewa ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su a lokacin yana ruɓewa in ya daɗe da danshi, ya saki asid mai fulorin, wanda ke cin gilashi balle naman mutum. An kuma tabbatar cewa gwargwadon tsawon jela, gwargwadon dafin gishirin ga ƙananan halittun ruwa. Watau halin da ya sa yake kashe bakteriya a kan tantani shi ne ya sa ba a son sa a cikin kofi.

Saboda haka gwajin da ya fi kowane muhimmanci shi ne na biyu. A auna fuskar da na'urar Siegbahn, a sa tantanin cikin injin ruwa ya yi ta bi ta kansa, a wanke shi da asid da soda kamar yadda ake yi a masana'anta, sa'an nan a komo a sake aunawa a ga ko tudun nan na 402 yana nan, ko fulorin ya ragu, a kuma binciki ruwan da ya fita. Rahotanni da yawa suna tsayawa a gwajin 'yan sa'o'i ko 'yan kwanaki, da ruwan da aka haɗa a ɗakin gwaji, a kan tantanin da bai wuce tafin hannu ba. Mai masana'anta kuwa yana sa ran nasa ya yi shekara 3 zuwa 5 yana shan ruwan burtsatse mai ƙarfe da yauƙi. Ga kuma tsada, domin gishirin ya fi sinadaran da aka saba aiki da su kuɗi nesa ba kusa ba.

Waɗannan dalilai ne suka sa har yanzu galibin aikin bai fita daga jami'o'i da ɗakunan gwaji ba. Inda ya fi alamar ci gaba shi ne wajen tace iska da raba litiyam, inda ba bakin mutum ne ke jiran abin da ya fito ba, kuma hanyar da masana suka fi karkata gare ta ita ce a mai da gishirin kansa roba, a sarƙe ƙwayoyinsa da juna yadda ba su da hanyar gudu. Tantanin da ke naɗe cikin bututan masana'antun ruwan leda na Agege ko Sabon Badun kuwa, irin na Cadotte ne. Abin da ke tsare shi a yau shi ne tankin yashi da tankin gawayi da ke gabansa, waɗanda ke tare laka da kulorin, sai kuma ma'aikacin da ke duba agogon matsi kowace safiya ya san ranar da ya kamata a wanke shi.